Tsakanin Ɗauke Wuta da Tashin Janareta

Ƙarfe huɗu na asuba.
Ketu ba ta yi barci ba, balle a ce ta farka.
Na durƙusa a kan tsohon buhun shinkafa,
gwiwar hagu tana ƙara kamar ƙyauren shagon Baba Sikiru.
Na ce, "Ya Uba,"
sai famfon tsakar gida ya yi tari,
wani kwandasta can bakin titi ya ƙarasa mini addu'ar:
Oshodi! Oshodi!
To, amin.

Yau Laraba, ina azumi,
kuma ni ce mai tuwo a bayan layin 'yan tumatir.
Tukunya uku a wuta.
Daddawa ta san sunana, tana kirana tun daga murhu.
Na ɗebo miya a ludayi, hannu ya kama hanyar da ya saba,
sai da ya kai haɓa na tuna.
"Keziya, zo ki ɗanɗana."
Ta ce gishiri ya yi.
Shekara goma sha tara ina wannan sana'a,
yau da harshen yarinya nake gani.

Direbobi sun sauko, ƙafafunsu a kumbure,
kwana biyu daga Funtuwa.
Malam Sha'aibu ya dubi leɓena ya ajiye cokali.
"Maman Barnaba, naku ne ya kama?"
Na ce nawa ne, ni kaɗai.
Ya ce Allah ya ba da lada,
ya juya mini baya don kada in ga lomarsa.

Azumin ciki ba shi ne mai wuya ba.
Da azahar wani ya cinye malmala biyu da ganda,
ya sulale cikin 'yan dako.
Maganar da ta taso mini,
da ta fito, da ta ƙona rumfar nan har ta Iya Risi.
Na riƙe ta a bayan haƙora kamar garwashi.
Na haɗiye.
Ban sani ba ko wannan ya karya azumi.

A gida, can gindin duwatsunmu,
Inna takan zaga bayan rumbu da fatanyarta,
ta daɗe.
Muna yara mun ɗauka ciyawa take cirewa.
A can shiru kyauta ne, kamar rauɓa.
A nan ko a mudu ban ga mai sayarwa ba.
Ko a majami'a ranar Lahadi
lasifika huɗu ce ke kai wa Allah saƙo,
kamar ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi.

Amma na gano wata 'yar kafa.
Da dare, idan aka ɗauke wuta,
fanka ta yi juyinta na ƙarshe,
talabijin ɗin maƙwabta ya mutu da magana a bakinsa,
kafin samari su lalubo igiyar janareta
akwai numfashi bakwai, wani lokacin tara.
Nan nake shiga.

Na zo da jerin buƙatu:
kuɗin haya, gwiwar nan,
da Barnaba, da ke can Ikorodu kan babur,
wata bakwai bai ɗaga wayata ba.
Amma wurin ya yi ƙanƙanta, ba ya cin kaya.
Sai in bar su a bakin ƙofa, kamar takalma,
in tsaya haka nan.
Ba na cewa komai.
Shi ma ba ya cewa komai.
Kamar ni da marigayi Zakka a shekarunmu na ƙarshe,
muna ɓarar gyaɗa a faranti ɗaya.

Sai na farko ya yi gurnani,
na biyu ya karɓa, unguwa ta koma kanta.
Na laluba kofi, na sa wa ruwa albarka,
na karya da ƙanzon da ya rage.
Keziya ta yi ƙarya.
Miyar nan ba gishiri.